Amsar Tambaya: Zan gina kwamin wanka a bayan gida

Tambaya: Ina so in haƙa kwamin siminti a bayan gidana, yara su riƙa wanka lokacin zafi, dabbobi ma su sha. Me zan kiyaye? Daga wani magidanci, Tungar Daji.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara buɗi. Amma kafin ka ɗaga diga, tuna shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum. Garinku na cikin waɗanda aka kankare ƙasar gidajensu aka zuba sabuwa. Dalma ba ta ruɓewa, don haka shawarata kada ka haƙa. Ka ɗora ginin bulo a kan ƙasa, nesa da inda aka taɓa daka dutse. Yashin ma ka bincika inda aka ɗebo shi.

Kada ka cika kwamin da ruwan kududdufin da aka wanke zinariya a ciki, domin tafasawa ba ta fitar da dalma. Ɗebo na burtsatse.

Zurfin kada ya wuce gwiwar babba, kuma ko hakan yana iya cin yaro mai rarrafe kafin uwarsa ta sauke tukunya. Sai ka yi murfi mai kwaɗo, wanka kuma sai da babba a tsaye.

Ka sa magini ya bar bututu a ƙasa, ana zubar da ruwan duk kwana uku saboda sauro, nesa da katangar laka. Dabbobi a yi musu kwaminsu daban.