Idan Dajin Baki Ko Wuya Ya Dawo Bayan Gashi

A aikina na duba masu ciwon kunne, hanci da maƙogwaro a Azare, abin da ya fi sosa mini rai shi ne mutumin da ya jure mako 6 zuwa 7 na gashin daji da hasken na'ura a Zariya ko Abuja, ya ji sauƙi, sai ya jingine katinsa. Ba ma sake ganinsa sai an ɗauko shi daga Chinade ko Madara, wuya a kumbure, an yi sakiya, an shafa wannan an shafa wancan, wai daji ba ya son allura.

Dajin da zai dawo, galibi cikin shekara 2 na farko yake dawowa. A lokacin, fata, laka da ƙashin muƙamuƙi sun riga sun sha hasken gashin farko, maimaita shi daga waje na iya yi musu mummunar illa. Tiyata muke fara dubawa. Bayanta, ko tare da ita, akwai birakiterafi, wato gashi daga ciki.

Ana sa mutum barci, a zura siraran bututun roba cikin ƙarin ko gurbin da aka cire shi. Kwamfuta ta tsara aikin, na'ura ta tura ƙwayar iridiyom 192, wadda ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, ta yi 'yan mintoci a ciki ta koma. Ƙarfin haskenta na faɗuwa da zarar an ɗan matsa daga gare ta, shi ya sa lafiyayyen naman da ke gefe yake samun sassauci. Bayan 'yan kwanaki a zare bututun. Babu hasken da ke saura a jiki, mutum zai ci tuwo da iyalinsa, ya goyi jikansa.

Ba na ɓoye wa kowa cewa yana da nasa haɗarin: miki mai jinkirin warkewa, zubar jini, wani lokaci lalacewar ƙashi. Kuma ƙaramin ƙari wanda bai bazu ba yake yi wa aiki. Na'urorin ba su da yawa a Nijeriya, akasari dajin bakin mahaifa suke yi wa hidima, iridiyom kuwa daga waje ake kawo shi, rabin ƙarfinsa na tafiya cikin kwana 74. Samun gurbi kan ɗauki lokaci.

Don Allah, idan an ga gyambon harshe da ya wuce mako 3, dusashewar murya, ko sabuwar kaluluwa mai tauri, a zo asibiti a makon. A riƙo takardun gashin farko, domin da su likita zai lissafa hasken da wurin zai iya ƙara ɗauka.