Darasi na Bakwai: Hoton Ƙwaƙwalwa da Ɓoyayyen Raunin 'Yan Wasa

Gabatarwa

Ɗan wasan da ya karye a fili, kowa na ganin karayarsa. Wanda ya bugu a ka kuwa, sau da yawa yakan tashi ya kakkaɓe ƙura ya ci gaba da wasa. Wannan darasi zai duba abin da ke faruwa a cikin kan irin wannan ɗan wasa, da yadda masana suka iya ɗaukar hotonsa, da kuma abin da ya rataya a wuyan malamin makaranta.

Girgizar ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi, nauyinta kusan kilo 1.4 a babban mutum, tana kuma zaune cikin wani ruwa a ƙoƙon kai. Idan naushi ko karo ya fizgi kai da ƙarfi, sai ta motsa ta murɗe a ciki. Wannan shi ake kira girgizar ƙwaƙwalwa. Alamominta sun haɗa da ciwon kai, jiri, amai, ruɗewa, mantuwa da gani dishi-dishi. Mafi yawan waɗanda ta sama ba sa suma.

Farin sashen ƙwaƙwalwa

Naman ƙwaƙwalwa iri biyu ne. Akwai mai ruwan toka, inda ƙwayoyin jijiya suke zaune. Akwai kuma farin sashe, wato dogayen zaruruwan da ke kai saƙo daga wannan ɓangare zuwa wancan. Zaruruwan na naɗe da wani rufi mai kitse, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki, shi ya sa suke fari. Damin da ya fi girma shi ne wanda ya haɗa ɓarin dama da na hagu, yana ɗauke da zare kimanin miliyan 200. Idan ƙwaƙwalwa ta murɗe, waɗannan zaruruwa ne ke miƙewa fiye da kima, saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya.

Yadda ake ɗaukar hoton

Na'urar CT tana nuna zubar jini da tsagewar ƙashi, amma zaruruwan sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Don haka hoton wanda ya sami girgiza yakan fito lafiya lau, ko da an ɗauke shi da MRI na yau da kullum. A shekarar 1994 Peter Basser da abokan aikinsa a Amurka suka fito da wata dabarar amfani da MRI mai suna DTI, wadda ke bin sawun motsin ruwa. Ruwan da ke cikin magudanar lambu hanya ɗaya yake bi, na tafki kuwa ko'ina yake bazuwa. Haka ruwan da ke cikin lafiyayyen zare yake bin tsawonsa, amma idan zaren ya taɓu sai motsin ruwan ya sauya. Ana auna wannan da ma'auni daga 0 zuwa 1. Gwargwadon kusancinsa da 1, gwargwadon yadda ruwan ya miƙe hanya ɗaya.

Abin da bincike ya gano

A 2012 Inga Koerte ta kwatanta ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa na Jamus da 'yan ninƙaya, ta tarar da bambanci a farin sashen 'yan ƙwallon, alhali ba su taɓa nuna alamun girgiza ba. A 2013 Michael Lipton ya auna 'yan ƙwallo 37 a New York, ya ga waɗanda suka fi yawan buga ƙwallo da ka ma'auninsu ya ragu a wasu wurare. A 2019 kuma masana a Toronto ta Kanada suka bi diddigin 'yan wasan jami'a 24, suka ga sauyin bai gama gushewa ba shekara guda bayan likita ya ba su izinin komawa wasa. Ke nan ciwon kai na iya lafawa amma tsugune ba ta ƙare ba.

Sai dai wannan dabara tana da iyaka. Rukuni da rukuni take kwatantawa, likita bai iya dogara da ita kaɗai ya yanke hukunci kan mutum ɗaya. Haka nan ba ta tabbatar da cutar CTE, wadda Dakta Bennet Omalu, ɗan asalin Nijeriya, ya bayyana a 2005 a ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster, ɗan wasan ƙwallon Amurka. Ita wannan sai bayan mutuwa ake tabbatar da ita.

Aikin malami

Ɗalibanmu na buga ƙwallo, wasu na dambe da kokawa, kuma ba a ajiye likita a filin makaranta. Idan yaro ya bugu a ka ya nuna ko da alama ɗaya, a fitar da shi, kada ya koma wasa a ranar. Idan yana ta amai, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko barci na fizgarsa, ko ya kama jijjiga, a garzaya da shi asibiti. Bayan hutun awa 24 zuwa 48 sai ya fara komawa aji sannu a hankali, wasan da ake gogayya kuwa sai likita ya amince. Ko hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta shigar da ƙarin canjin ɗan wasa saboda girgizar ƙwaƙwalwa cikin dokokinta a 2024.

Kammalawa

An ga cewa tashin ɗan wasa da ƙafarsa, ko fitowar hotonsa lafiya, ba sa tabbatar da cewa ƙwaƙwalwarsa ta warke. Tun da malami ba ya ganin abin da ke cikin kan yaro, abin da ya rage masa shi ne ya fitar da shi daga fili.

Auna fahimta

1. Mene ne aikin farin sashen ƙwaƙwalwa?
2. Me ya sa hoton CT ba ya nuna girgizar ƙwaƙwalwa?
3. Yi bayanin misalin magudanar lambu da tafki da kalmominka.
4. Rubuta wasiƙa zuwa ga mahaifin ɗalibin da ya bugu a ka, ka bayyana masa dalilin hana yaron wasa.