Tambaya da Amsa: Ta Ina Zan Fara Lissafin Tsofaffin Kuɗin da Mahaifinmu Ya Bari?

TAMBAYA

Malam, ni ɗan canji ne a Inugu. Fataucin shanu ne ya kawo mahaifinmu ƙasar nan tun kafin yaƙin basasa. Da rikici ya tashi ya koma gida, da ƙura ta lafa ya dawo. Bayan rasuwarsa bara muka tarar da wata adaka cike da tsofaffin kuɗi: kwabbai masu huji, da sulalla, da takardun fam, har da na Biyafara. Ni ma na daɗe ina ajiye duk baƙon kuɗin da ya ratsa ta hannuna. Yanzu ƙanena da ke Fatakwal da yayarmu da ke aure a Anacha suna tambayar abin da ke ciki, ni kuwa ban san adadinsu ba balle darajarsu. Wasu sun fara yin kore, wasu takardun sun manne da juna. Ta ina zan fara?

Daga wani mai karatu, Inugu.

AMSA

 Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa aljanna makoma. Ɗan'uwa, da littafi za ka fara, tun kafin ka nemi mai saye ko mai yi maka kiyasi. Wannan adaka dukiyar magada ce, kai kuma amana ce a hannunka. Tsohon kuɗin da ba a rubuta labarinsa ba, ƙarfe ne kawai da takarda.

Sayi littafi mai ƙwaƙƙwaran bango, ka sa ranar da 'yan'uwanka ko wakilansu za su zauna tare da kai. Ku shimfiɗa farin ƙyalle, ku zazzage adakar a kai. Abu na farko, ka ware na marigayi daga waɗanda ka tara da kanka, kowanne da sashensa a littafin. Wannan kaɗai zai kashe rabin zargin da kan shiga tsakanin 'yan'uwa.

Daga nan sai ku kasa su bisa zamani. Kashin farko kuɗin da suka riga na Bature: wuri, da dala ta azurfa mai hoton Mariya Tariza, da ƙarafan nan masu kama da munduwa da ake kira manila, waɗanda aka yi ta ciniki da su a yankin da kuke har aka daina karɓarsu a 1949. Na biyu kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Ingila, wanda hukumar da aka kafa a 1912 ta riƙa fitarwa: anini, da ɗari, da kwabo, da taro, da sisi, da sule, da fataka. Na uku fam ɗin Najeriya, wanda Babban Banki ya fara fitarwa ranar 1 ga Yuli, 1959. Na huɗu na Biyafara. Na biyar naira da kwabo, daga 1 ga Janairu, 1973, lokacin da fam ɗaya ya koma naira biyu. Na ƙarshe kuɗin waje, irin su sefa da riyal.

Kowane guda ka ba shi lambarsa, ka ba shi layinsa. A layin ka rubuta ƙasar da ta fitar da shi, da darajar da ke jikinsa, da shekara, da abin da aka yi shi da shi, da yanayinsa, da inda aka samo shi. Lambar a jikin ambulan za ka rubuta ta. Kada biro ya taɓa kuɗin, domin rubutu yana zubar da darajar tsohuwar takarda, kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta hana yin sa a kan naira.

Wajen rubuta shekara ake yawan tuntuɓe. Dalar Mariya Tariza kusan duk 1780 za ka gani a jikinta, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekarar tsawon zamani bayan mutuwar sarauniyar. Sai ka rubuta abin da ka gani, ka ƙara da nauyinta, wanda ya kamata ya kai wajen giram 28. Tsofaffin takardun naira kuwa ba su da shekara, sa hannun gwamnan banki ne ke nuna zamaninsu. In ka ga na Abdulƙadir Ahmed, takardar ta tsakanin 1982 da 1993 ce. Launi ma shaida ne: naira ashirin mai hoton Murtala ta fara fitowa a Fabrairun 1977, aka sauya launin takardu a Afrilun 1984, saboda haka Murtala biyu masu launi daban layi biyu za su ci. Rubutun ajami ma a lura da shi, domin a 2007 aka cire shi daga naira biyar zuwa hamsin. A kwabban Turawa ka sa gilashin ƙara girma ka nemi ɗan ƙaramin harafi H ko KN, alamar masana'antar da ta buga su a Birmingham.

Kashin Biyafara ya fi kowanne buƙatar natsuwa, domin tarihin garin da kake zaune ne. A Janairun 1968 gwamnatin tarayya ta sauya takardun fam, don kuɗin da ke hannun ɓangaren Biyafara su tashi daga aiki. A watan ne Biyafara ta fitar da nata, sule biyar da fam ɗaya, masu hoton bishiyar kwakwar manja da fitowar rana. A 1969 aka ƙara wani zubi har zuwa fam goma, tare da sulalla na sanholo. Ka duba ko kowace takarda tana da lambarta, ka kwafe lambar harafi da harafi, saboda akwai tarin waɗanda aka buga ba a kai ga sa musu lamba ba, masu tara kuɗi kuma suna bambanta su. Ka tuna maƙwabtanka Inyamurai sun san ɗacin wannan takarda, tun da bayan yaƙi fam ashirin aka ba masu ajiya da yawa komai yawan abin da suka tara. A riƙe ta da mutunci.

Wajen yanayi kada ka yaudari kanka. Mataki huɗu ya isa: sabo fil, mai kyau, wanda ya sha hannu, da wanda ya lalace. In akwai yagewa ko ninki ko tabo, rubuta. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, ƙarancin abu da lafiyarsa ne ke sawa. Kwabo mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan gadon sarauta ba a 1936, yana da daɗin labari, amma an buga shi da yawa. Duk wanda ya zo yana cewa tsohon kwabo zai saya maka gida, ko yana gaggawar a sallama masa adakar a dunƙule, ka yi hattara da shi.

Layin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na asali, kuma shi ne wanda lokaci ke ƙwacewa. Je wurin mahaifiyarku in tana raye, da abokan fataucin marigayi, da dattawan masallaci da na kasuwar Gariki. Tambaye su wane ciniki ne ya kawo wannan fataka, wa ya ba shi wannan takarda. In ta bayyana akwai ajiyar wani a ciki, a rubuta, a nemi magadansa. Dattijon da ya san amsar yau, ba lalle ka same shi baɗi ba.

Kore da mannewar da ka ambata aikin danshin kudu ne. Kada ka goge sulalla da toka ko lemon tsami, gugar tana cinye zanen. Takardun da suka manne kada ka fizge su, kada ka sa musu dutsen guga ko salatif, kuma ka cire kyauron da muka saba ɗaure kuɗi da shi. Kowanne ya samu ambulan ɗinsa na takarda, a akwati mai murfi, tare da 'yan ƙunshin tsotse danshi irin na kwalin sabon takalmi. Akwatin ya zauna a sama. Mutanen Anacha sun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, gobarar kasuwa kuma ba baƙuwa ba ce, saboda haka kada ka bar shi a shago.

Gani ya kori ji: ɗauki hoton kowanne gaba da baya tare da lambarsa, ka aika wa ƙanenka da yayarku, tare da hoton kowane shafi na littafin. Littafin kuma kada ya kwana wuri ɗaya da akwatin. Duk abin da ya fita, ko sayarwa ko kyauta, a rubuta rana da shaidu. In kun gama sai ku kai littafin gaban malami ya yi muku bayanin rabon gado da hukuncin zakkar azurfar da ke ciki. Ranar da hanya ta kai ka Abuja, ka leƙa gidan tarihin kuɗi na Babban Banki ka gwada naku da nasu.

Sannu ba ta hana zuwa. Ko guda goma ka rubuta kowace Juma'a bayan an sauko, kafin shekara ta zagayo ka gama. Ka fara a wannan makon, tun dattawan da suka san labarin suna nan. Allah Ya taimake ka, Ya bar zumunci.