Amsoshin Tambayoyinku: Na Ƙara RAM, Kwamfutata Ta Fara Mutuwa

Tambaya: Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka ƙirar HP EliteBook 840 G1, ta hannu na saya. Da na ga tana nauyi, sai na shiga Maradi aka ƙara mini RAM mai giga 4 a kan giga 4 ɗin da ke ciki. Tun daga ranar, ina cikin aiki sai allonta ya koma shuɗi, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Mai gyara ya ce sai an goge ta an sake zuba Windows. In yarda? Daga wani malamin makaranta, Safo, Madarunfa.

Amsa: Kada ka bari a goge ta tukuna. Kwamfutar da ke aiki lafiya, aka sa mata abu guda ta fara faɗuwa, ai wannan abin za a fara tuhuma. Idan RAM ɗin ne da laifi, ko sau nawa aka zuba Windows matsalar tana nan, wani lokaci ma zubin ba zai ƙarasa ba, ka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Kafin komai, ka cire sabon RAM ɗin ka kwashe takardunka, musamman sakamakon ɗalibai, zuwa filashi. Na ce ka fara cire shi ne domin duk abin da kwamfuta ke kwafa ta cikin RAM yake ratsawa, kuma mai lahani yana iya ɓata fayil ba tare da ka sani ba. Cirewar ba wuya a irin taka: kashe ta, zare caja, ja makullin da ke ƙasa murfin ya fita, ka ɗaga batir. Taɓa wani ƙarfe don wutar jikinka ta sauka, sannan ka buɗa 'yan ƙarafan nan biyu da ke riƙe da RAM ɗin, zai ɗago da kansa. A gefe za ka kama shi, ban da haƙoransa masu ruwan zinare.

Yanzu duba rubutun da ke jikin takardar da aka manna masa, domin a nan na fi zargi. Kwamfutarka ta fito a 2013, tana da ƙwaƙwalwar Intel zubi na huɗu, kuma irin waɗannan DDR3L suke so, mai aiki da wuta bolt 1.35. Wanda ya riga shi, DDR3 zalla, bolt 1.5 yake bukata. Abin takaicin shi ne su biyun girmansu ɗaya, haƙora 204 kowannensu, tsagarsu wuri ɗaya, don haka wanda bai dace ba zai shiga raminsa daram. Sai dai wutar da ake ba shi ba ta ishe shi ba. Wata kwamfutar ta ƙi tashi sam, wata ta tashi ta yi ta faɗuwa irin yadda taka ke yi. Idan ka ga an rubuta PC3L, daidai ne. Idan PC3 ne ba harafin L, ka gano ɓarawon. Da yawa daga cikin RAM ɗin da ke shagunanmu, a Maradi ko a titin Beirut na Kano, daga jikin tsofaffin kwamfutoci aka ciro su aka tara wuri guda, kuma ba kowane mai sayarwa ke lura da wannan harafi ba. Ba lallai mugunta ba ce, amma kai ke kwana a ciki.

Idan dukansu PC3L ne, sai a koma ga zama. Sau da yawa ba a tura shi ya shige sosai ba, ko ƙurar hunturu ta kwanta a ramin. Goge haƙoran a hankali da abin goge fensir mai laushi, ka kakkaɓe ramin da busasshen buroshi, ka soka shi a karkace har haƙoran su ɓace, sannan ka danna ƙasa sai ka ji ƙarafan sun kama.

Daga nan sai gwaji, kuma ɗaya-ɗaya ake yin sa. Bar tsohon shi kaɗai ka yi aiki yini guda. Sannan sabon shi kaɗai a ramin da tsohon yake. Idan sabon ya faɗi shi kaɗai, lalatacce ne. Idan kowanne ya yi lafiya a ramin farko amma ya faɗi a na biyu, ramin ne ke da ciwo, kuma mafita ita ce RAM guda mai giga 8. Idan kuwa kowanne lafiya lau a ko'ina, sai an haɗa su rigima ta tashi, to jininsu ne bai haɗu ba, ka nemi wanda lambobinsa suka yi daidai da na tsohon.

Ba sai ka zauna jiran ta mutu ba. Da ka kunna ta ka riƙa danna F2, shirin binciken HP zai buɗe, ka zaɓi gwajin RAM. A cikin Windows ma akwai: danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mdsched. Wanda ya fi su tsanani shi ne MemTest86, da ake ɗorawa a filashi, yana kuma cin sa'o'i, don haka ka fara shi da cikakken caji a lokacin da wutar NIGELEC ta zauna. Kuskure ko guda ɗaya ya nuna, ya isa hujja. In shuɗin allon ya sake fitowa, ɗauki hotonsa da waya. Rubutu irin MEMORY_MANAGEMENT yana ƙara nuna RAM.

Akwai wata mutuwar da ba ta RAM ba: kwamfuta ta ɗauke ɗif ba shuɗin allo, gindinta ya yi zafi, fanka na ta kuka. Wannan zafi ne da ƙura, kuma a bazarar Maradi da ake haura digiri 40 ba abin mamaki ba ne. Maganinta a buɗe a share fanka.

Idan ka tabbatar sabon ne, ka koma wurin mai shagon da kwamfutar a hannunka, da hoton sakamakon gwajin. Ka nemi ya canja maka da PC3L-12800S, a sa shi a gabanka, a yi gwajin F2 kafin ka hau hanyar Safo.