Yadda Ake Furta Dogayen Sunayen Holan Ba Tare da Cizon Harshe Ba

A gidajen kallon ƙwallo na Kuje ana yi wa sunayen 'yan Holan kisan gilla, kuma shawarar da ake bayarwa wai a kwaikwayi mai sharhin Ingila. Rabu da shi, shi ma lalube yake yi.

Fara rubuta sunan a takarda, ka nemo mahaɗarsa. Mutanen Holan suna manne kalma biyu ko uku su zama ɗaya, yawanci ba sa ko saka karan ɗori irin namu na "faɗi-tashi". Bergkamp, berg ne da kamp. Westerhof, kocin da ya ciyo wa Najeriya kofin Afirka a Tunisiya a 1994, wester ne da hof. Ja layi a mahaɗar kafin ka buɗe baki.

A nan ake zamewa. Haruffan da suka haɗu a kan mahaɗa maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su, kowanne da gidansa. Filin jirgin Amsterdam, Schiphol, schip ne da hol. Wanda ya ga p kusa da h ya karanta su f, ya ce "Shifol", ya yi ɓarna biyu, domin sch ma ba sh ba ce: s ce, sai harafin kha da ka koya a makarantar allo. Da wannan maƙoshin ake furta g ta Bergkamp. Eindhoven, garin PSV, eind ne da hoven, kuma d idan ta zo ƙarshen kalma t take komawa: Eint-ho-ven.

Sai ka yanka kowane ɓangare gaɓa-gaɓa. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu na gaba yake bi, wasalin baya ya yi tsawo, kamar ho-ven. Baƙi biyu a raba su: Wes-ter.

Haddace biyu: oe u ce, Koeman Kuman ne. Ita kuwa ij kusan ei ce, Van Dijk "Deik".

Cutarmu mu Hausawa cusa wasali tsakanin baƙaƙe, har Bergkamp ya koma "Baragikamfu". Danne harshenka, gaɓa biyu ce tak.

Ƙarfin murya yawanci a ɓangaren farko yake, amma Amsterdam da Rotterdam a kan dam suke sauka. In ka yi shakka, saurari ɗan ƙasar a shafin Forvo ko labaran wasannin tashar NOS ta Holan a YouTube.