Huda Tankin Kifi Don Fitar Da Ruwa

A ƙasar Kano ta arewa, wajen Dambatta da Bichi da Minjibir, gonaki sun matse, kowane taƙi da mai shi. Ƙasar kuwa yawancinta jigawa ce, in an haƙa kududdufi sai ta shanye ruwan. Tun da aka soma gina madatsun ruwa a zamanin Gwamna Audu Bako, 1967 zuwa 1975, mutanen wajen suka ƙara sabawa da cin kifi da cinikinsa. To, yanzu masu son kiwon tarwaɗa sai su sayi tankin roba mai cin lita 1,000 su aje a bayan gida. Abin da ke kashe musu kifi sau da yawa ba cuta ba ce, rashin mafitar ruwa ne.

Kashin kifi da ragowar abinci ƙasa suke kwanta. Nan suke ruɓewa, su ɓata ruwan, kifi ya daina ci, ya yi ta shawagi a sama. Mai kwasar ruwa da bokiti na sama yake ɗiba, watau mai kyaun, ya bar dattin. Saboda haka lalle a huda tankin a gindi.

Kafin a taɓa injin huda, a fara sayen soket ɗin da zai zauna a ramin, mai noti da zoben roba. Kaurin soket ɗin za a auna, ba na bututu ba, gama soket ya fi bututunsa kauri. Wanda ya huda da awon bututu, sai ya koma yana faɗaɗa rami da wuƙa, daga nan kuwa yoyo ba ya ƙarewa. A zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe, ba kan kwana ba. Zoben roba ya zauna ta ciki, noti ta waje, a ɗaure da hannu, sa'an nan a ƙara kaɗan da sifana. Ɗauri da ƙarfin tsiya shi ke tsaga roba.

A cikin tankin sai a tsai da bututu a kan soket ɗin, tsawonsa daidai inda a ke son ruwa ya tsaya. Kada a sa masa gam, domin ran wanki a zare shi ruwa ya tafi duka. A kifa masa wani bututu da ya fi shi faɗi da tsawo, wanda aka yi wa ƙananan huji a ƙasa. Da an ƙara sabon ruwa, na ƙasa mai datti shi zai bi ta hujin, ya hau tsakanin bututun biyu, ya faɗa na ciki ya fita. Hujin kada su kai girman kan 'ya'yan kifin.

Akwatin gilashi, irin wanda masu ƙyanƙyasa da waɗansu 'yan kasuwa ke ajewa, shi ya fi wuya. Akwai gilashin da aka gasa a masana'anta don ya yi ƙarfi, irin na tagar gefen mota. Wannan ba ya huduwa, da an taɓa shi sai ya wargaje kamar tsakuwa. Gindin akwatuna da yawa irinsa ne, don haka a tambayi mai sayarwa tukuna. Gilashi na sosai kuwa da baki mai garin daimon a ke huda shi. Tsakanin rami da gefen gilashin a bar aƙalla faɗin ramin. A kewaye wurin da yumɓu, a zuba ruwa ciki don kada ya yi zafi, a manna salatif ta baya. A fara a karkace har bakin ya kama, sa'an nan a miƙe shi. Ba a dannawa, nauyin injin ya isa. Yawancin gilashin da ya fashe a ƙarshen huda ne, lokacin da mutum ya ga ya kusa ya ƙara ƙarfi.

Mai ginin tankin siminti shi ya huta: ya sa bututunsa tun kafin a zuba daɓe, ya karkata daɓen wajensa.

Da an gama a cika tankin ya kwana ba kifi, a shimfiɗa takarda a ƙarƙashin soket, da safe a duba. Ruwan da ke fita kuma kada a sake shi a lungu ya dami maƙwabta da wari da sauro. Taki ne, a ja shi zuwa gindin zogale ko fangalin alayyafo.