Kuromosom na Ɗan'adam da Batun Haihuwar Namiji ko Mace

Gabatarwa

A ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne a ji an ce wance ba ta haihuwa sai mata. Idan ta jera uku ko huɗu sai dangin miji su fara guna-guni, wani lokaci ma a zuga shi ya yi mata kishiya don neman magaji, ko kuwa ya sallame ta. Manufar wannan takarda ita ce a duba abin da ilmin halitta ya gano game da wannan al'amari. Za mu fara da bayanin kuromosom da yawansu da yadda ake jera su, sa'an nan mu dawo kan wannan zargi da ake yi wa mata.

Mene Ne Kuromosom?

An gina jikin mutum da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai dogayen zarurruka na sinadarin DNA. Idan ƙwayar ta tashi rabuwa gida biyu sai kowane zare ya nannaɗe ya yi kauri, kamar zare a jikin mazari. Wannan naɗin shi ake kira kuromosom. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Waldeyer, shi ya raɗa masa wannan suna a 1888, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar launi da jiki, saboda yana kama rini sosai. A jikinsa ne ƙwayoyin gado suke jere, watau umarnin da ɗa ke karɓa daga mahaifansa game da kama da tsawo da jini da sauransu.

Sanin yawansu bai zo da sauƙi ba. A 1923 Theophilus Painter na Amurka ya ƙirga ya ce 48 ne, aka yi ta karantar da haka fiye da shekara talatin. Sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan, a birnin Lund na ƙasar Suwidin, suka tabbatar da cewa 46 ne, watau tagwaye 23. A kowane tagwai ɗaya daga uwa ya fito, ɗaya daga uba.

Jadawalin Kuromosom

Hoton da ke nuna kuromosom na mutum a jere bisa tsari shi masana ke kira kariyotayif, mu kuwa a nan za mu kira shi jadawalin kuromosom. Ga yadda ake yin sa. Akan ɗebi jini kaɗan, a reni fararen ƙwayoyinsa kamar kwana uku har su fara rabuwa. Sai a zuba wani magani da ke tsayar da su a daidai lokacin da kuromosom suka fi kauri, a kumbura su da ruwa mai ɗan gishiri don su warwatsu, a rina su, a ɗauki hoto ta madubin likita. A da da almakashi ake yanka hoton, a manna su biyu-biyu a takarda. Yanzu kwamfuta ke yin wannan aiki.

A taron da aka yi a birnin Denba na Amurka a 1960 masana suka daidaita kan ba su lamba bisa girma, daga 1 zuwa 22. Daga baya aka gano 21 ya fi 22 ƙanƙanta, amma aka bar lambobin yadda suke. Wajen 1970 kuma aka samo hanyar rini da ke fitar da ratsi-ratsi a jikin kowane kuromosom, ta yadda ba a rikita wani da wani.

Na Gama-gari da Na Jinsi

Tagwaye 22 na farko iri ɗaya ne a jikin namiji da mace, shi ya sa za mu kira su kuromosom na gama-gari. Alal misali, ƙwayar gadon da ke kawo amosanin jini, wanda ake kira sikila, tana kan na 11. Yaro ba ya kamuwa da ciwon sai ya gaje ta daga uwa da uba duka, kuma ba ruwanta da ko shi namiji ne ko mace. Abin lura shi ne, jadawali ba ya nuna irin wannan ƙaramin canji. Yawan kuromosom da siffarsu kawai yake nunawa.

Tagwai na 23 shi ne na jinsi. Mace tana da X biyu, namiji kuwa yana da X ɗaya da Y ɗaya. Saboda haka akan rubuta jadawalin mace 46,XX, na namiji kuma 46,XY. Wata masaniya Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ta nuna alaƙar waɗannan kuromosom da jinsi a 1905, a binciken da ta yi kan wani ƙwaro. X babba ne, yana ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 800. Y ƙarami ne, nasa kaɗan ne, amma a cikinsu akwai wadda ake kira SRY, da aka gano a 1990. Ita ce ke sa ɗan tayi ya kama hanyar zama namiji wajen mako na bakwai da shigar ciki.

Wani lokaci lissafin yakan sami tangarɗa. A 1959 Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin a Faransa suka nuna cewa masu lalurar Down suna da kuromosom na 21 guda uku, jimla 47 ke nan. A shekarar dai aka gano akwai maza masu XXY, da mata masu X ɗaya tak. Duk wannan kuskuren rabo ne a ƙwan mace ko ƙwayar maniyyi, ba aikin iska ko sammu ba ne.

Daga Ina Jinsin Jariri Ke Fitowa?

Ƙwan mace da ƙwayar maniyyi sun bambanta da sauran ƙwayoyin jiki, domin kowannensu kuromosom 23 kawai yake ɗauke da su, ɗaya daga kowane tagwai. Da yake X biyu mace ke da su, kowane ƙwai nata X ne a cikinsa. Namiji kuwa rabin ƙwayoyin maniyyinsa masu X ne, rabi masu Y. Idan mai X ta haɗu da ƙwai sai a sami 'ya mace, idan mai Y ce a sami ɗa namiji. Ke nan bambancin daga wajen uba yake fitowa, domin mace ba ta da Y balle ta bayar ko ta hana.

Amma kada a ɗauke laifi daga kan mata a ɗora wa maza. Shi ma mijin ba shi da ikon zaɓen wadda za ta riga isa cikin miliyoyin ƙwayoyi. Kowane ciki sabon rabo ne, bai dogara da wanda ya gabata ba. A duniya akan haifi maza kimanin 105 a kan mata 100, watau kusan kunnen doki. Bisa wannan lissafi, a cikin gidaje 16 masu 'ya'ya huɗu-huɗu, ana sa ran samun kamar gida ɗaya da duk mata ne, ba tare da wata illa a jikin miji ko mata ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ɗan'adam yana da kuromosom 46, daga ciki 44 na gama-gari, biyu na jinsi, kuma Y daga uba kaɗai ake samun sa. Mai sakin mace don ta haifi mata ya hukunta ta a kan abin da ba ya hannunta, kuma sabon aure ba zai canza masa lissafin ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ya rage gare mu ɗalibai mu kai wannan bayani gidajenmu cikin harshen da iyayenmu ke ji.